Yadda Ake Ƙara Ƙarfin Sola a Jirgin Ruwa, Mataki-Mataki

Tun da na sa hoton rumfar jirgin da muka gyara a tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru, tambaya ɗaya ake ta jefo mini, daga masu kamun kifi har masu jigilar kaya: farantin sola nawa zan ƙara? Wani Alhaji mai sayen kifi a tsibirai ya tare ni a bakin ruwa a Jiporde ya ce, "Malam, ƙarfe tara na dare wutar take mutuwa. Na ƙara faranti, ko gezau." Na ce, "Alhaji, bari mu leƙa batirin tukuna." Batirin mota ne, ya kumbura kamar ƙosai, yana zaune cikin ruwan ƙasan jirgi.

Jagorar nan ta masu jirgin katako ne da ke kwana uku zuwa mako a kan ruwa ba su ga wutar gari ba, waɗanda dama suna da ɗan faranti da batir, suna son ƙari. Bi matakan yadda na jera su. Faranti shi ne na huɗu, kuma da gangan na ajiye shi can.

Kayan aiki

Mitar gwada wuta, tef na awo, filaya, sukundireba, sifana lamba 10 da 13, abin matse kan waya, salatif, man girisi, da takarda da biro. Mitar ba ta da tsada, kuma duk abin da za mu yi a nan da ita za a yi. Wanda ba shi da ita ya aro.

1. Lissafa wutar da kake ci a rana

Kowane kaya an rubuta wat ɗinsa a jiki. Ka ninka wat da awannin da yake a kunne, abin da ya fito shi ne wat-awa. Ga lissafin jirgin Alhajin nan, mutum shida a ciki:

Ƙwan fitila 4, kowanne wat 5, awa 6: 120.
Cajin waya 10 (har da na mutanen tsibiri da ba a iya hana su), kowace kamar 15: 150.
Babbar fitilar haska hanya, wat 20, awa 3: 60.
Fanka mai wat 15, awa 8: 120.
Famfon kwashe ruwa, kamar wat 40, awa 1: 40.
Rediyo: 10.

Jimla 500. Daga nan ya ce yana son firiza. Ƙaramar firiza mai bolt 12 tana jan kamar wat 60 in injinta yana aiki, kuma a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, sai ta yi awa 14 tana gurnani a yini da dare. Wannan 840 ke nan. Jimla ta koma 1,340, mu ce 1,350. Firiza ita kaɗai ta fi duk sauran kayan ci.

Gargaɗi a kan firiza, don nan ne ake yawan yaudarar kai. Ƙaramar firiza riƙe sanyi take yi, ba ta daskarar da kamun rana. Kafin kilo ɗaya na ɗanyen kifi ya daskare daga zafin ruwan tafki, sai an zare masa zafi kusan wat-awa 100. Kilo 20 na karfasa ya cinye wutar yini duka har da bashi. Amfaninta shi ne ta sa ƙanƙarar da ka taho da ita ta daɗe, ta riƙe giwan ruwa biyu ko uku masu tsada, da ruwan sha da magani. Sauran kifi, banda tana nan.

2. Gwada abin da kake da shi

Kada ka zubar da komai sai ka gwada, kada kuma ka riƙe komai don tausayi.

Batir: a cika shi, a cire masa duk wayoyi, ya huta awa uku ko huɗu. Batirin dalma mai lafiya zai nuna bolt 12.6 zuwa 12.8. Sai dai wannan lamba ba ta isa shaida ba, mataccen batir ma yakan nuna ta. Gwajin gaskiya shi ne ka haɗa masa ƙwan fitilar mota mai wat 55, wanda ke jan amfa huɗu da rabi. Batir mai amfa 100 ya kamata ya riƙe shi awa goma bai faɗi ƙasa da bolt 12 ba. In ya durƙusa cikin awa biyu, a kai shi wurin masu sayen tsohuwar dalma, ko kuɗin mai ka samu.

Faranti: da tsakar rana, a cire shi daga regilata (na'urar da ke tsakanin faranti da batir tana daidaita caji), a sa mita a wayoyinsa biyu. Irin ƙananan nan na batirin bolt 12 suna ba da kamar 20 zuwa 22. In ka ga rabin haka, wani sashe nasa ya mutu. Duba gilashi ko ya tsage, duba akwatin baya ko ruwa ya shiga.

Waya: kunna duk kaya, ka bi ta da hannu. Inda ka ji ɗumi, nan wutarka take ƙonewa a banza.

3. Batir

Kuɗin aikin nan yake, kuskuren ma nan yake.

Batirin mota an yi shi ne don ya ba da babbar wuta na daƙiƙa kaɗan, a tada inji, a mayar masa nan take. In kana sauke shi kowane dare, 'yan watanni zai yi. Abin da kake nema batirin sola ne, kuma iri uku ne a kasuwa: mai ruwa, jel, da lityum.

Mai ruwa da jel duk dalma ce, kuma dokarsu ɗaya: rabi kawai ake sha. Batir mai amfa 100 a bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 1,200, naka 600 ne. In mita ta nuna 12.2 bayan ya huta, ka kai rabi, a kashe kaya. Don lissafinmu na 1,350 ana bukatar kusan amfa 225, wato biyu masu 120. Nauyin kowanne ya haura kilo 30.

Lityum, wanda aka rubuta wa LiFePO4, ana shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa ba ya jin komai. Mai amfa 100 yana ɗauke da 1,280, nauyinsa kilo 12 ko kusa da haka. Tunda da rana faranti ne ke ciyar da firiza kai tsaye, mai amfa 100 zai fitar da kai dare ɗaya, amma don kwanakin Agusta da rana ke ɓuya, mai 150 ya fi kwanciyar rai. Ni dai in mutum yana kwana a ruwa fiye da yadda yake kwana a gida, lityum nake ce masa. Tsadarsa ta ranar saye ce. In kuɗi bai kai ba, jel, don ba ya zubar da ruwa in igiyar ruwa ta kaɗa jirgi.

Gargaɗi uku. Kada ka haɗa sabon batir da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa har su zama ɗaya. Kada ka haɗa dalma da lityum a layi ɗaya. Sannan ka ɗaga batirin dalma kafin ka biya: in an rubuta amfa 200 amma yaro ɗan shekara goma zai iya ɗauka, rubutu ne kawai. Na taɓa sayen irinsa a wani shago, ina murnar araha, bai kai damina ba. Araha ba ta ado.

4. Faranti

Lambar da ke bayan faranti an auna ta ne a ɗaki, a zafin digiri 25. A kan rumfar jirgi da azahar gilashin yakan kai 60 ko 65, kuma kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Ka tara, kusan kashi 15 sun tafi. Ƙara hazon hunturu, ƙara jirgin da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Shi ya sa nake lissafa kowane wat 100 na faranti a kan wat-awa 350 a rana. Raba 1,350 da 350, ya ba ka kusan huɗu: wat 400 ke nan. Wanda ba ya son firiza, wat 150 zuwa 200 sun ishe shi.

Tafi kasuwa da tef ɗinka. Farantin zamani mai kyau yana ba da kamar wat 200 a kowace murabba'in mita. Auna tsawo, auna faɗi, ka ninka. In ya fito rabin murabba'in mita amma takardar baya ta ce wat 250, ka yi wa mai shago sallama cikin mutunci. Wannan dabara ta fi duk rantsuwar da za a yi maka.

Wat 400 ɗin kuma, guda ɗaya babba ko biyu masu 200? Babban, irin na gidaje, ya fi araha in aka raba kuɗinsa da wat, amma tsawonsa ya kai mita 1.7, nauyinsa ya haura kilo 20, kuma ranar da gora ta faɗo masa ka rasa duka. Biyu na fi so a jirgi.

Akwai mai lanƙwasa, marar gilashi, wanda ake mannawa a kan tamfol. Sauƙin nauyi gare shi, amma zafin nan namu ba ya barinsa ya daɗe, don ba iskar da ke bi ta ƙasansa.

5. Regilata

Iri biyu ne, PWM da MPPT. PWM, ɗan shuɗin nan mai araha, yana janyo faranti ƙasa zuwa bolt ɗin batir, abin da ya yi sama ya tafi a banza. Ga faranti ɗaya mai wat 100 ba laifi. In ka ɗora masa babban farantin gida mai bolt 30 da wani abu, fiye da rabin kuɗinka ka zubar a tafki. MPPT kuwa yana juya rarar bolt ta koma amfa.

Girmansa: raba wat ɗin faranti da 13. Wat 400 ya ba da kusan 30, sai ka nemi mai amfa 30. Duba lamba ta biyu kuma, iyakar bolt ɗin da yake karɓa daga faranti, galibi 75 ko 100. Victron da Epever sanannu ne a wannan fanni.

Jabu ya yi yawa. MPPT na gaske yana da nauyi a hannu, da baƙin ƙarfe mai tsaga-tsaga a baya don sanyaya shi, da babban naɗin waya a ciki. In an rubuta MPPT amma nauyinsa bai fi na wayar hannu ba, kuma farashinsa bai fi na PWM da komai ba, PWM ne aka sa wa babbar riga.

6. Wurin zama: sama da ƙasa

Jirgi ba ɗaki ba ne. Duk kilon da ka ɗora a saman rumfa yana ƙara masa tangaɗi, kuma faranti kamar tabarmar da aka shimfiɗa wa iska yake. Wanda hadarin farkon damina ya taɓa riska a tsakiyar Lagdo, a Mayu ko Yuni, ya san yadda iska ke tasowa kafin ka gama naɗe kalli. Saboda haka rumfar ta yi ƙasa gwargwadon yadda mutum zai zauna, ƙafafunta a ɗaure da noti a haƙarƙarin jirgi, ba ƙusa a katakon gefe ba. Faranti a tsakiya, kada ya leƙo waje da faɗin jirgi, in ba haka ba ranar kasuwa jirgin maƙwabci zai gaisa da shi. Noti huɗu aƙalla ga kowanne, na ƙarfen da ba ya tsatsa. Igiya da robar taya ba ɗauri ba ne.

A kwance za a sa shi, da ɗan gangare kaɗan don ruwa ya zurare. Muna kusan digiri 9 ne arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta tsakar ka a Afrilu da ƙarshen Agusta, jirgi kuma yana juyawa, karkatar da shi wani gefe wahalar banza ce. A bar tazarar yatsu huɗu a ƙasansa don iska.

Inuwa kuwa, ko ta gora ɗaya da ta gitta tana iya kashe kaso mai yawa na wutar. Yara ba su da wurin shanya riga da ya fi faranti. A hana su tun ranar farko.

Batir ya zauna ƙasa, a tsakiyar jirgi, cikin akwatin katako ko roba da aka ɗaga kamar taƙi ɗaya sama da inda ruwa ke taruwa, a ɗaure shi kada ya motsa. Inuwa dole: batirin dalma rayuwarsa tana raguwa kusan rabi a duk ƙarin digiri 10 sama da 25, lityum kuma ba a son cajinsa sama da digiri 45. Akwatin ya sami ramukan iska, musamman ga mai ruwa, don yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta lokacin caji.

Babban gargaɗin duk jagorar nan: jarkokin fetur da batir ba sa zama wuri ɗaya. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake kwanciya, tartsatsi ɗaya ya isa. Fetur can baya wajen inji, batir a tsakiya, da tazara ko katanga tsakaninsu.

7. Waya da fis

Wayar gida mai lambar kauri 2.5 ita ce ɓarawon da ba a zargi. Ga lissafi: amfa 20 a waya mai 2.5, nisan mita 5 (zuwa da dawowa mita 10), tana cinye bolt 1.4. A wutar gida mai 220 ba wanda zai lura. A bolt 12 kuwa, regilata zai ga 14.4 ya ce batir ya cika, alhali 13 ce ke isa gare shi. Haka batir zai yi ta kwana da yunwa har ya mutu, a ce mai shago ya cuce ka.

Daga regilata zuwa batir, waya mai 10, kada nisan ya wuce mita ɗaya da rabi. Daga faranti zuwa regilata, wayar sola mai 4 ko 6 da makullanta na MC4. Farantai biyu in ba inuwa, a yi musu haɗin sarƙa: jar wayar wannan ta shiga baƙar wayar wancan, bolt ya ninka, amfa ya tsaya yadda yake, waya ta huta. Ka tara bolt ɗin da aka rubuta wa Voc a bayan faranti (bolt ɗinsa in ba a haɗa shi da komai ba) na duka biyun, ka tabbata yana ƙasa da iyakar regilata da rata mai kyau. In akwai inuwar da ba ta kauwa, a haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, amma sai an ƙara kaurin waya. Farantai masu girma daban ba a yi musu sarƙa, ƙaramin zai riƙe babban. Tsohon farantinka ka bar shi da tsohon regilatansa, su riƙa cajin waya.

Kankare bakin waya da wuƙa kafin ka saya. In cikin fari ne, sanholo ne aka shafa wa jan ƙarfe. A danshin jirgi gari yake zama.

Fis a kan jar waya, dab da kan batir, kada ya wuce taƙi ɗaya: amfa 40 ga regilata mai 30. Kowane layi na kaya da nasa ƙarami, 5 ko 10. Fis ɗin mota ya yi. Makashin wutar gida ba a yi shi don wutar batir ba, a nemi wanda aka rubuta wa DC. In fis ya ƙone, a nemi dalili, kada a naɗa masa takardar sigari.

Kan waya a matse shi da kunnen ƙarfe, a ɗaure da noti, a shafa girisi. Murɗa waya a kan batir a buga mata ƙusa, wannan ya wuce.

8. Jerin haɗawa

Rufe farantai da bargo ko kwali. Cire agogo da zobe, naɗe hannun sifana da salatif, don in ta taɓa ƙafafun batir biyu lokaci ɗaya narkewa take yi.

Na farko, batir zuwa regilata, fis a cire, sai an gama ɗauri a mayar. Na biyu, ka ga fuskar regilata ta kama ta nuna bolt 12. Na uku, zaɓi irin batir. Na huɗu, gwada wayoyin faranti da mita ka tabbatar da ja da baƙi, sannan ka haɗa. Na biyar, yaye bargo. Kaya su ne ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya. Ranar kwancewa a juya: faranti ya fara fita, batir ya zama na ƙarshe. Regilata da yawa sun mutu a hannun wanda ya fara da faranti.

Saitin bolt ɗin caji a regilata: jel 14.1 zuwa 14.4, mai ruwa 14.4 zuwa 14.8, lityum 14.2 zuwa 14.4. In takardar batirinka ta faɗi nata, ita za a bi. Ga jel da lityum a kashe cajin nan mai tsanani da regilata ke yi lokaci-lokaci don daidaita batir, na mai ruwa ne kaɗai.

Inbata, mai juya wutar batir ta koma irin ta gida, in ya zama dole, kai tsaye a batir da fis ɗinsa, ba a ramin kaya na regilata ba. Mai wat 1,000 yana iya jan amfa 90. Ko ba komai a jikinsa yana shan wat 10 zuwa 20, wato in ya kwana a kunne ya ci abincin fitilunka duka. Ƙwai da fanka da caja duk akwai na bolt 12, su za a saya. Wasu injinan jirgi kuma suna da 'yar wayar caji da ba ta da mai tsayar da bolt, kada a kai ta kan lityum kai tsaye.

9. Kuɗi

A dunƙule, ga abin da aikin Alhaji ya ci, kayan daga Garwa: farantai biyu kusan sefa dubu 140, regilata dubu 80, lityum mai amfa 100 wajen dubu 200, waya da fis da kunnuwa da noti dubu 45, mai walda dubu 35. Rabin miliyan ke nan, ban da firiza da ladan aiki. Farashi yana motsi da kuɗin mota daga Duwala da kuma darajar naira, tunda wasu kayan ta Yola suke shigowa, ka zagaya shago uku.

In kuɗin ba su taru ba, a rarraba: waya da fis yau, batir in an sayar da kifi, regilata, sannan faranti. Mai regilatan PWM ya jinkirta babban faranti har MPPT ya samu.

10. Kwana biyu a bakin ruwa, sannan tafiya

Kada ranar haɗawa ta zama ranar tashi. Kwana biyu a gaɓa, duk kaya a kunne kamar kana tsibiri. Rubuta bolt da magariba da kuma asuba. Dalma ta wayi gari sama da 12.2, kuma ta cika kafin la'asar. Lityum ba ya nuna gajiya a mita, yakan tsaya wajen 13 har dab da ƙarewa sannan ya yanke gaba ɗaya, don haka 'yar na'urar ƙidayar amfa tana da amfani gare shi.

Bayan nan sai kulawa. A hunturu a goge gilashi kowace safiya da tsumma mai laushi da ruwa, kafin ya yi zafi, kashin tsuntsu kuma a cire shi da an gani. Duk wata a bi notuna, don girgizar inji tana kwance su. Mai batirin ruwa ya duba shi duk mako biyu a bazara, ya ƙara tataccen ruwan batir kaɗai, ban da ruwan tafki, ban da asid. A akwatin jirgi a ajiye fis biyar, ƙwai biyu, salatif, mitar nan, da cocila mai batirinta daban, wadda ba ruwanta da sola.